Hasken Aro

Duk wanda ya bi tarihin zanen wasannin bidiyo kamar yadda kamfanonin da ke sayar da su suke son a ba da shi, zai tarar da labari guda mai daɗin ji. Wai da fari hotunan ɗigo-ɗigo ne marasa inuwa, daga baya aka koyi yin inuwa, aka koyi yin sheƙi, aka koyi sa ruwa ya ɗauki hoton gajimare, har aka iso yau da ake cewa mutum ba ya iya bambance abin da ke kan allo da abin da ke bayan taga. Kowace sabuwar na'ura tallanta ɗaya ne: an ƙara matsowa kusa da zahiri. Ni dai ban karɓi wannan labari ba, kuma ina roƙon mai karatu kada ya karɓa kafin ya tambaya: zahirin wa? Tagar gidan wa aka leƙa? Wace rana ce ta fito, kuma a kan wace irin fata ta sauka?

Kada a ce batun ya yi mana nisa. Daga Kwanar Ɗangora zuwa Tudun Wada, daga Burumburum zuwa Doguwa, da wuya ka shiga gari mai kasuwa ba ka sami gidan gem ba: ɗan shago, benci biyu, talabijin biyu ko uku, tsohuwar PlayStation, da ƙaramin janareta yana kuka a bayan ɗaki. Yaran da ke cika waɗannan shaguna, da yayyensu da ke buga wasa a waya, suna shafe sa'o'i idonsu a kan hotunan da wasu suka haska. A nan idonsu ke koyon abin da ake kira kyau, da abin da ake kira datti, da irin fuskar da ta cancanci a gan ta sarai. Makaranta ce babu rajista, kuma mu da muke tinƙaho da digiri ba mu taɓa tambayar wanda ya rubuta manhajarta ba.

Cikin kwamfuta babu rana, babu wata, babu fitila. Ko duhu ma babu, sai lambobi. Kowane abu da ake gani a wasa, mutum ne ko mota ko bishiya, an haɗa shi ne da ɗaruruwa ko dubban alwatika, allon kuma ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo yana jiran a gaya masa launinsa da ƙarfin haskensa. Dole wani ya zauna ya rubuta ƙa'idar da za a bi. A 1971 wani Bafaranshe mai suna Henri Gouraud, yana karatu a Jami'ar Utah ta Amurka, ya kawo dabarar lissafa haske a kusurwoyin alwatika kaɗai, sannan a shafa shi a tsakani, kamar yadda magini ke yaɓe bango ya ɓoye gaɓoɓin tubali. Bayansa Bui Tuong Phong, ɗan Biyetnam, a wannan jami'a, ya ƙara ƙa'idar ɗan farin sheƙin da ke fitowa a jikin abu mai santsi. Aka buga aikinsa a 1975, shekarar da ya rasu. Ƙa'idarsa ce ta sa shekara da shekaru komai na cikin kwamfuta ke kama da roba. A wannan shekara kuma Martin Newell ya auna wata butar shayi ta tangaran da ke gidansa ya shigar da ita kwamfuta, ta zama abin gwajin kusan duk wanda ya ƙirƙiro sabuwar hanyar haskawa. A lura da wannan tun yanzu: ilimin ya tashi ne yana gwada kansa da kayan da ke kan teburin masu shi.

A 1980 Turner Whitted ya nuna hanyar da ake kira bin sawun haske. Maimakon a bi haske daga fitila zuwa ido, sai a tashi daga ido a koma baya, a bi kowane zare na haske a ga abin da ya bugo, da inda ya karkata, da abin da ya tare shi. (Tushen tunanin ya girmi Amurka. Ibnul Haisam, a Alƙahira, kimanin shekara 1,000 da suka wuce, shi ya tabbatar a Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Masu ganin wannan fanni baƙo ne ga Musulmi su riƙe wannan.) Hoton Whitted ya yi kyau ƙwarai, amma guda ɗaya tak ya ci minti 74. Wasa kuwa yana buƙatar hoto 30 ko 60 a cikin daƙiƙa guda. Saboda haka kusan shekara 40 masu wasanni ba su iya bin wannan hanya ba, suka rayu a kan dabara da rufa-ido.

Wasan Doom na 1993, wanda John Carmack ya rubuta injinsa, launi 256 kawai yake da shi. Sai aka ba kowane sashe na gini ƙarfin haskensa, aka kuma sa duk abin da ya yi nisa ya ƙara duhu. Da wannan kaɗai aka firgita miliyoyin mutane. A Quake na 1996 aka lissafa faɗuwar haske da inuwa tun kafin a sayar da wasan, aka adana su kamar taswira, aka liƙa a jikin bango. Inuwar ba ta motsi, amma ido ya yarda. Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne Silent Hill na kamfanin Konami, 1999. PlayStation ta farko ba ta da ƙarfin zana gari har iyakar gani, sai masu wasan suka lulluɓe garin da hazo, ba ka ganin komai sai 'yan taku kaɗan a gabanka. Talauci ne suka rufe da mayafi, mayafin kuma ya zama abin da aka fi tuna wasan da shi. Da aka sami na'urori masu ƙarfi ba a yar da hazon ba, domin an gane tsoron a cikinsa yake.

To, wa ya fi mu sanin hazo? Kowace shekara, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, iska na kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta zuba mana. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos da sanyin safiya a watan Janairu ya san yadda bishiyoyin Falgore ke fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin fari, yadda rana ke zama kamar faifai har ka iya kallonta ido da ido, yadda inuwar mutum ke dushewa a ƙasa ta kusa ɓacewa. Akwai dalili na kimiyya. Ƙwayoyin iska ƙanana ne ƙwarai, sun fi watsa shuɗin haske, shi ya sa sama ke yin shuɗi. Ƙwayoyin ƙura kuwa manya ne, suna watsa launuka kusan daidai wa daida, shi ya sa samaniyar hunturu ke yin fari-fari mai toka-toka, hasken kuma ya riƙa zuwa ta ko'ina maimakon ta gefe guda. Hazon Silent Hill na ruwa ne, mai danshi, irin na ƙasashen sanyi. Namu busasshe ne, yana fasa leɓe, yana kwanciya a gashin ido, yana canja launin ganye. Wata uku ko huɗu muke rayuwa a cikin wani irin haske da ba kowace ƙasa ke da shi ba, amma ban taɓa zama gaban wani wasa na ce ga hunturunmu ba.

Batun sama mai sauƙi ne idan aka gwada shi da batun fata.

Wannan ciwo ya girmi kwamfuta. Tun daga shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, domin su daidaita launin injinansu da shi. Idan fuskarta ta fito daidai, to inji ya yi daidai. Lorna Roth, wadda ta koyar a Jami'ar Concordia ta Kanada, ta nuna a binciken da ta buga a 2009 cewa cikin abubuwan da suka sa kamfanin ya gyara fim ɗinsa har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, waɗanda hajarsu ba ta fitowa da kyau a talla. A tsaya a yi tunani: launin cakulan ya sami mai kai ƙara kafin launin mutum ya samu. Wanda ke shakka ya buɗe tsohon kundin hotunan bikin iyayensa, ya ga yadda farar babbar riga ke ƙyalli, fuskar mai ita kuwa ta zama dunƙulen duhu da haƙora.

Da aka zo zana mutum a kwamfuta, sai tarihi ya maimaita kansa da sabon tufafi. A 2001 Henrik Wann Jensen da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka fitar da lissafin yadda haske ke kutsawa cikin abu, ya yi yawo a ƙarƙashi, sannan ya fito ta wani wuri. Da shi aka daina ganin fuska kamar ta gunkin roba. Aiki ne babba, an yi amfani da irinsa wajen halittar Gollum a fim na 2002, masu shi kuma suka sami lambar yabo ta fasaha daga masu ba da Oscar a 2004. Misalan da suka yi fice a aikin su ne madara, da dutsen marmara, da fata mai haske. Daga nan wannan kutsawar haske ta zama ita ce ma'anar fata a wurin masana'antar baki ɗaya, kuma injinan wasanni suka gaje ta.

Amma fatarmu ba haka take mu'amala da haske ba. Sinadarin melanin da ke saman fata yana shanye kaso mai yawa na hasken kafin ya kutsa, saboda haka wancan jan annuri na ƙarƙashi kaɗan ne a jikinmu. Abin da ke fito da siffar baƙar fuska shi ne sheƙin da ke dawowa daga samanta: layin haske a kan goshi, da karan hanci, da kumatu. Kowace uwa da ta shafa wa ɗanta man kaɗanya ranar sallah ta san wannan ba tare da lissafi ba. Idan ka ɗauki ƙa'idar da aka gina don fata mai haske, ka rage mata lamba kawai ka ce ga baƙin mutum, abin da za ka samu shi ne fuska mai toka-toka kamar ta wanda ya kwana a murhu, ko kuwa wadda ke ɓacewa da zarar ta shiga inuwa. Theodore Kim, wanda ya yi aiki a Pixar kafin ya koma koyarwa a Jami'ar Yale, ya faɗi wannan ƙarara a mujallar Scientific American a 2020, ya kuma haɗa da batun gashi, domin fitaccen lissafin gashi na 2003 shi ma a kan miƙaƙƙen gashi aka gina shi.

Ba na cewa waɗannan masana sun zauna sun ƙulla mana sharri. Tela ne ya yanka riga da awon jikinsa, ya ce ta kowa ce. Amma rashin mugun nufi bai sa rigar ta yi mana daidai ba. A gidajen gem namu ƙwallo aka fi bugawa, PES da FIFA, kuma duk wanda ya daɗe yana kallon tsofaffin fitowarsu ya san bambancin: idan kyamara ta matso, fuskar ɗan wasan Turai ta fito da kowane layi nata, ta ɗan Afirka kuwa sau da yawa sai ka duba lambar riga ka san ko wane ne. Yaro ɗan shekara 10 ba zai kira wannan matsalar lissafi ba. Zai ɗauka haka Allah ya yi, cewa akwai fuskokin da haske ke so da waɗanda ba ya so. Ba na ɗora wa wasan bidiyo laifin man bilicin da ya cika kantunanmu, domin abin ya fi haka tushe, amma mai neman dalilan da ke sa yarinya ta tsani launinta bai kamata ya tsallake allon da ta girma tana kallo ba. Da aka ga dama kuwa an iya: wasan Miles Morales na 2020 ya nuna baƙin saurayi da fuska mai rai a cikin dare da dusar ƙanƙara. Ashe ba gagara abin ya yi ba, mai damuwa da shi ne babu.

Sai kuma launin da aka yanka wa nahiyarmu. A 2009 kamfanin Capcom na Japan ya fitar da Resident Evil 5, wanda aka kafa labarinsa a wani ƙagaggen yanki mai suna Kijuju, wai a Afirka ta Yamma, ko da yake sunan da aka ba dodanninsa, Majini, daga Suwahili aka aro shi, harshen gabashin nahiyar. Tun fitowar tallansa a 2007 aka yi ta cece-kuce kan hoton Bature yana harbin taron baƙaƙen mutane. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne wanda ba a cika magana a kai ba: an rufe wasan gaba ɗaya da wani launi ruwan ɗorawa mai kore-kore, kamar ana kallon duniya ta cikin kwalbar man da ya lalace. Wannan launi magana yake yi. Cewa yake nan wuri ne mai zafi, mai cuta, mai ruɓa, kada ka ji tausayin abin da za ka harba. Far Cry 2 na Ubisoft, 2008, ya fi shi mutunci, domin masu shi sun je Kenya sun kalli ciyawa da rana da idonsu, kuma hakan ya nuna a aikin. Amma ƙasar da suka zana ba ta da ko suna, sai yaƙin basasa, da lu'ulu'u, da zazzaɓin cizon sauro a jikin jarumin. Legas ma ta fito a Call of Duty na 2014, a matsayin filin harbe-harbe a kan titi.

A zo kudancin Kano a watan Agusta a nuna mini wannan ruwan ɗorawa. A tsaya bakin dam ɗin Tiga da la'asar, a dubi gonakin shinkafar Tudun Wada, a dubi duwatsun Riruwai bayan an ɗauke ruwa. Koren da ke nan har ido yake cika. A dubi gabas lokacin da hadari ya haɗo, sama ta yi baƙi mai shuɗi-shuɗi, rana kuma ta bugo ta yamma ta sa jar ƙasa da farar rigar manomi suka yi kamar an kunna su. A fito daren sha huɗu a ƙauyen da babu lantarki a ga yadda farin wata ke yin inuwa mai kaifi har yara su yi wasa da ita. A shiga zaure da tsakar rana, a ga yadda haske ke shigowa ta ƙofa guda, ya bugi daɓe, ya hau bango a hankali. Muna da haske iri-iri, kowane da lokacinsa da sunansa. An tattara su duka an mayar da su launi ɗaya, launin rashin lafiya.

Mai karatu zai iya cewa ai yanzu an wuce zamanin son rai, tunda injinan yau da awon kimiyya suke aiki. Bari mu bi sawun awon. A 2003 Wojciech Matusik da abokansa suka auna yadda kaya iri 100 ke mayar da haske, aka adana sakamakon a cibiyar binciken Mitsubishi da ke Amurka: fenti, ƙarafa, robobi, yadudduka. A 2012 Brent Burley na Disney ya dogara da waɗannan awo ya gina ƙa'idarsa, a 2013 masu injin Unreal suka ɗauki tsarin suka daidaita shi da wasanni, daga nan ya bazu ko'ina. Cikin kayan nan 100 babu turkuɗi. Ga Kura nan kusa da mu, garin da baƙin rawani ya ci sunansa, inda marina ke tsoma yadi a baba, mabuga su buga shi har ya ɗauki wani sheƙi mai ruwan ƙarfe, baƙi ta nan, shuɗi ta can, ja-ja idan ka karkata shi. Heinrich Barth ya ga cinikin tufafin Kano a 1851 ya yi mamakin nisan inda suke kaiwa, Buzaye kuma har gobe suna neman wannan yadi. Sheƙi ne da ƙa'idar Phong ba ta san da shi ba. Haka bangon da aka shafe da makuba, haka shadda sabuwar bugu, haka jar fatar da dukawa ke aiki da ita. Awo gaskiya ne, amma abin da aka ɗora a kan sikeli kaɗai yake faɗa.

Na san amsar da ke jirana, domin na sha jin ta daga manya da kuma tsararrakina. Za a ce mutanen da ke fama da tsadar taki, da masu satar mutane a daji, da wutar da ba ta zuwa, ina ruwansu da inuwar wasan yara? Amsata ita ce wasan ya daina zama na yara tun tuni. Masana'anta ce da kuɗin da take samu a shekara ya zarce na gidajen sinima na duniya nesa ba kusa ba, kuma injinan da ta ƙera su ne yau ake amfani da su wajen zanen gine-gine, da shirya fim, da koyar da tuƙi, da tallan kaya. Wanda ya iya haska fuska a Unreal ya iya sana'ar da ake biya da dala yana zaune a Kiru. Ban da haka, yunwa ba ta taɓa hana Bahaushe kula da yadda ake ganinsa ba. Mutumin da zai ci bashi ya ɗinka rigar sallah ba zai ce mini siffa ba ta dame shi ba.

Amsa ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ta kuɗi. A 2018 kamfanin Nvidia ya fitar da katunan RTX, aka fara bin sawun haske kai tsaye a cikin wasa, mafarkin Whitted ya tabbata. Babban katinsu na 2022, RTX 4090, dala 1,599 aka sa masa, wato sama da naira miliyan 2 a canjin 2024, albashin kusan shekara uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Shi kaɗai yana jan wuta har wat 450, kusan rabin abin da ƙaramin janaretan gidan gem ke iya bayarwa ko fiye, ga fetur kuma ya zama abin da ya zama tun Mayun 2023. Idan wannan ce kaɗai hanyar, to mun yi asara, mu koma gefe.

Sai dai tarihin da na zayyana a sama ya ƙaryata haka, shi ya sa na ƙi labarin kamfanoni tun farko. Su ne ke da riba idan aka yarda cewa kyau yana cikin sabon kati. A 2006 wasu Japanawa suka yi Okami a kan PlayStation 2, irin wadda ke cikin shagunanmu yanzu haka, suka zana duniyarsa kamar zanen tawada na kakanninsu, har yau ana sake sayar da shi, alhali wasannin da suka yi takarar kama da zahiri a shekararsa an manta da yawancinsu. A 2018 Lucas Pope, shi kaɗai, ya fitar da Return of the Obra Dinn da launi biyu tak, ya kwashi lambobin yabo. A 2025 fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, ƙasar da yawan mutanenta bai kai miliyan 2 ba, ya ci Oscar, kuma da Blender aka yi shi, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta. Godot kyauta ne, Unreal ma tun 2015 ba a biyan ko sisi kafin a fara aiki da shi. A Kamaru, Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016 duk da ɗaukewar wutar Yawunde. Waɗannan duka sun san abu guda: me suke so a gani.

Mu fa? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da shirin gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji. Aka yi ca a kai daga mumbarori da kafafen sada zumunta, cikin ɗan lokaci aka janye shirin. Ba na raina damuwar waɗanda suka yi adawa. Tarbiyya abin tsaro ce, kuma waɗanda suka kawo shirin ba su nemi shawarar jama'a yadda ya kamata ba. Amma a duba abin da ya biyo baya. Hoton bai fasa shigowa ba. Ya shigo ta waya, ya shigo ta gidan gem, ya shiga har ɗakin da malam ke kwana. Abin da aka hana shi ne wurin da ɗanmu zai koyi riƙe fitila da kansa. Mun rufe ƙofar makera, mun bar ta kasuwa a buɗe, sannan muna kukan cewa duk wuƙaƙen da ke hannun yaranmu baƙi ne suka ƙera.

Mu 'yan boko laifinmu ya fi na kowa. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta yana ganin zane aikin marasa lissafi ne. Ɗalibin zane yana gudun lissafi kamar kuturta. Ɗalibin Hausa, wanda ya san bambancin hazo da buji da raɓa, da bambancin hantsi da walaha, bai taɓa tunanin wannan sani yana da kasuwa a wajen ɗakin jarrabawa ba. Alhali haskawa a kwamfuta sai da ukun nan: mai lissafi, da mai ido, da mai suna. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka ƙi yarda a koya musu gani da idon Ingila kaɗai, suka haɗa dabarar da aka koya musu da zanen gidajensu, suka canja fasahar Nijeriya. Ɗalibai ne, ba su da kati mai wat 450.

Aikin farko ma ba ya buƙatar gina wasa. A 1998 Paul Debevec ya nuna cewa idan ka ajiye ƙwallo mai madubi a wuri, ka ɗauki hotonta sau da yawa daga mai duhu zuwa mai haske, ka haɗa su, to ka kama hasken wurin gaba ɗaya, kana iya haska kowane abu na kwamfuta da shi. Hasken da ya kamo a wata majami'a ta San Francisco da wani titi na Florence ya shiga kwamfutocin duniya, dubban ɗalibai suka koyi sana'a a ƙarƙashinsa. Wani ɗan Afirka ta Kudu, Greg Zaal, ya bi wannan hanya ya tara ɗaruruwan irinsu ya saka a intanet kyauta, shi ya sa yau ake haska motoci da jarumai da ranar ƙasarsa a wuraren da ba su san sunansa ba.

Kayan aikin kyamara ce mai ɗan kyau, da ƙafa uku, da ƙwallon madubi, da ƙwallo mai ruwan toka, da littafin rubuta rana da sa'a. Ɗalibai huɗu daga Jami'ar Bayero, ko ta Wudil, ko ta Ahmadu Bello za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala digiri: kasuwar Tudun Wada da tsakar ranar Janairu, bakin Tiga da hantsin Agusta, cikin zaure, gindin tsamiya, rumfar mai shayi a ƙarƙashin ƙwan sola. Wasu huɗun su je Kura su sayo turkuɗi kamu biyu, su juya shi gaban fitila kusurwa bayan kusurwa suna aunawa. Wasu kuma su nemi izinin 'yan ajinsu, daga wankan tarwaɗa zuwa baƙi wuluk, su auna sheƙin goshi kafin shafa mai da bayansa, da rani da damina. A zuba sakamakon a intanet da sunayensa na Hausa, yadda duk wanda ya sauke shi a Tokyo ko Montreal sai ya rubuta kalmar hunturu da hannunsa kafin ya yi amfani da shi. Na ƙura ne kaɗai ba ya jira: idan ba a ɗauke shi kafin ƙarshen Fabrairu ba, sai wata shekarar.